Fulawar Da Gwaggo Ta Kife Da Kwando

Da sunan Allah mai jin ƙai. Na ga saƙonninku, masu yi mini addu'a da masu cewa ni wawiya ce. Duk na karanta, kuma ban ce masu zagin sun yi ƙarya ba.

Ga wanda yau ya fara shigowa, sunana Mas'uda. A Wudil nake, ɗinki nake yi a zauren gidanmu. Shekaruna sun kai inda in aka tambayi Umma sai ta ce "ai ta girma", ta sauya magana. Babanmu ya rasu, don haka hukuncin gida yana hannun yayana Mudassir. Direban tirela ne, yana ɗaukar shanu daga kara ya kai kudu, sai ya yi makonni ba mu sa shi a ido ba. Akwai kuma Gwaggo Yelwa, ƙanwar babanmu, wadda ta zo daga Darki duba Umma da jaka ɗaya, yanzu har kajinta an kawo mata.

Sai Garzali. Shagon kayan ɗinki gare shi a bakin titi, wajensa nake sayen zare da zif. Mutum ne mai sanyin magana, ko allura zai miƙo maka da hannu biyu zai miƙo. An kawo kayan sa rana, an sa bayan babbar sallah. Ba wanda ya tilasta ni, ni nake son sa. Ku riƙe wannan.

Wata rana da ya zo zance bayan la'asar, ya shigo zaure da babban gwangwanin madara da aka shafe da koren fenti, a ciki wata 'yar fulawa. Ban taɓa ganin irinta ba. Ganyenta zagayayye ne tas, kamar an ɗora murfin kwalba a kan yadi an bi da almakashi. Kowane ganye yana kan dogon siririn karansa, da ɗan ɗigon fari a fuskarsa.

"Wannan fa, Malam Garzali?"

"A Kano na gani na sayo miki. Ba ta son rana, ba ta son ruwa da yawa. Haske kawai."

"Wato ta fi ni iyayi."

"Ni dai ban faɗa ba, ranki ya daɗe."

Na ajiye ta a kan tagar ɗakina mai kallon tsakar gida. A makon ne jiri ya fara ɗibar Umma. Muka kai ta asibiti suka ce jininta ne ya hau, suka ba ta ƙwayoyi. Gwaggo ta karɓi ledar maganin ta juya ta. Ashe ido ta zuba.

Ina cikin taka keke wata safiya na ji ta ƙwala mini kira.

"Mas'uda! Zo ki ga abin da kika ajiye mana a gida."

Na tarar da ita a ɗakina, ta riƙe ƙugu.

"Shekaranjiya da hannuna na juya abin nan, na sa ganyen ya kalli bango. Yanzu ina yake kallo?"

Gaskiya ne, duk ganyen sun waiwayo. Sun fuskanci taga, tagar kuma tana fuskantar ƙofar ɗakin Umma.

"Gwaggo, ai haske suke bi."

"Haske ɗakin uwarki kaɗai yake? To ga wannan kuma, shi me yake bi?"

Ta buɗe tafin hannunta. Ta sa tsinke ta tona ƙasar gwangwanin, ta fito da gutsattsarin gawayi, da farfasasshen ɓawon ƙwai, da wani baƙin abu kamar ƙaiƙayin da aka ƙona.

"Na shekara sittin ina shuka, daga yakuwa har albasa. Ban taɓa ganin wanda ya binne ɓawon ƙwai da gawayi don Allah da Annabi ba. Yaron nan ya ga uwarki ce kaɗai ta yi ɗan jinkiri kafin ta amince, shi ne ya kawo abin da zai kwantar da ita."

"Haba Gwaggo! Garzalin da ba ya rasa sahu?"

"Masu bin bokaye a ina kike zaton suke sallah, a kan bishiya?"

Umma tana jin mu daga kan tabarmarta, ta ɗaure kai da ɗankwali. Da ƙyar ta ce, "Yelwa, ki bari." Amma ba ta ce ƙarya ba ne, kuma tun daga ranar ta daina amsa gaisuwar Garzali in ya aiko.

Na ce to a jefar da fulawar kowa ya huta. Gwaggo ta ce a'a. Shaida ce. Ta kai ta sito ta ajiye bayan buhun gero, ta kife da kwando. Ta kira Yaya a waya, ya ce yana hanya, ranar Juma'a zai iso ya gani da idonsa. In abin da Gwaggo ta faɗa haka ne, a ranar za a mayar wa Garzali da kayansa. Kun san yadda garin nan yake. Mutumin da aka mayar wa da kaya don asiri, ba matar kaɗai ya rasa ba. Ko zare mata za su daina saye a hannunsa.

Na shiga ɗaki na tura wa Garzali saƙo.

"A wane waje a Kano ka sayi fulawar nan? Ka ba ni lambar mai sayarwar."

Ya karanta. Na ga alamar yana rubutu, ta ɓace, ta dawo.

"Bakin hanya ne. Ban riƙe wajen ba."

"Sunanta fa?"

"Ban sani ba, Mas'uda. Ki yi haƙuri."

Na ce a raina, kai da kake riƙe lambar kowane launin zare a ka. Amma na share. Na faki idon Gwaggo na ɗaga kwandon, na ɗauki hotuna, na sa a wata manhaja da ke faɗin sunan tsirrai. Ta kawo mini sunaye uku, duk masu zagayayyen ganye, duk kamar su ne. Da wanne zan tsaya gaban Gwaggo?

Sai na tuna da Madam Tabita. Tana aiki a laburaren jami'a, 'yar Jos ce, ni nake yi mata ɗinki. Barandar gidanta kamar lambu. Dama akwai atamfarta da na gama, na naɗe a leda, na tsinki ganye ɗaya, na ɗebi 'yar ƙasar a ƙullin leda, na zura hijabina ruwan toka na tari adaidaita.

"A'a, telata! Sannu da zuwa. Yaya Mama da jiki? Yaya shirin biki? Kin rame fa, ko angon ne ba ya barin ki barci da waya?"

Muka gaisa, ta gwada rigar ta ce hannun ya matse, na ce ita ce ta ƙara ƙiba. Sannan na fito da ganyen. Ta sa gilashinta, ta ja ni baranda.

"Waya ba za ta raba miki su ba, sai kin taɓa. Zo ki gani." Ta nuna wata a tukunyar ƙasa. "Wannan Feferomiya ce. Daga nesa zagayayya, amma duba bakin ganyen, yana da ɗan tsini kamar ɗigon ruwa. Matsa ki ji, mai kauri ne, yana sheƙi. Taki tana da tsini?"

"Babu."

"Waccan ta cikin bahon ruwa, gefen ganyenta cako-cako ne kamar an bi da haƙori, kuma rarrafe take yi. Taki gefenta sumul. Waccan mai kitse kuma ba ta da dogon kara, ganyen manne yake da reshe." Ta kifa ganyena a tafin hannunta. "Ga inda ake gane taki. Karan bai kama ganyen a gefe ba, ta ƙarƙashi ya shige shi kamar sandar lema. Ɗigon farin nan na sama, daidai inda ya shiga ke nan. Filiya ake ce mata."

"Madam, tana juyawa?"

Ta kwashe da dariya. "Kamar 'yar makaranta in ta ji mota. Duk inda haske yake can za ta. Ni kullum sai na juya tawa, in ba haka ba ta karkace."

Na ji kamar an sauke mini buhu daga ka. Na kwance ƙullin ƙasar na ba ta labarin Gwaggo. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Gawayi don kada saiwa ta ruɓe. Ƙaiƙayin shinkafa don ruwa ya wuce. Ɓawon ƙwai kuma taki ne, maman mijina ta koya mini. Allah sarki Gwaggo!" Sai ta tsaya. Ta murza ƙasar da yatsa ta kai kusa da ido. "Tsaya. Wannan ai haɗina ne. Ga jar ƙasar da nake zuwa da ita daga gida."

"Ya ce a Kano ya saya."

"Ban taɓa ganin ta a wajen masu fulawa ba, zafin nan kashe ta yake. Ba saye ake yi ba ma, 'ya'ya take fitarwa a gindinta, a cire a ba aboki. Duk waɗanda na ba wa a garin nan tasu ta mutu, sai mutum ɗaya. Yarinyar da ta yi aiki da mu kafin ta yi aure, Rahinatu. Bara ta kawo mini jaririyarta na gani, na ba ta. Kin san ta?"

Na san ta. Matar Yaya Mudassir ce.

Ban san yadda na yi sallama da Madam ba. Ta biyo ni har ƙofa tana cewa in ana so ta zo ta yi wa Gwaggo bayani, na ce a'a, na gode, ya isa. Daga nan gidan Yaya na wuce, a can bayan gada.

Anti Rahinatu tana tsakar gida tana tsince shinkafa, 'yarta Khaulat na barci a bayanta. Da ganina ta fara tsokanar da ta saba.

"Uwar miji ƙarama, yau kuma duba tukunyata aka zo yi?"

Ban yi dariya ba. Na ajiye ganyen a kan farantin shinkafar. Ta dube shi, hannunta ya tsaya. Ta tashi ta sa wa ƙofar gida sakata, ta dawo ta zauna a ƙasa, ba a kan kujera ba.

"Tun ranar da na gan ta a tagarki ban ƙara barci mai daɗi ba," ta ce.

"Anti, me ya haɗa ki da Garzali?"

"Shi ya fara nemana, kafin Abban Khaulat. Iyayena suka ce bai da abin yi a lokacin. Shi ke nan, ba wani abu bayan wannan, wallahi tallahi."

"Yaya ya sani?"

"Ya sani. Shi ya sa na daina bi ta gaban shagon." Ta rage murya. "Mas'uda, abin da Umma ba ta sani ba, sau biyu yayanki yana saki na cikin fushi yana mayarwa kafin rana ta faɗi. Igiya ɗaya ta rage. Kuma ya ce duk ranar da na ƙara yi wa Garzali magana, a bakin aurena."

Na ce innalillahi. Na kalli ƙafafun Khaulat da ke reto a gefen zanin uwarta.

"To kin yi masa maganar?"

"Ban buɗe baki ba. Allah ne shaidata. Ana ta cewa ya ƙi aure, ya rame, ni na hana shi. Abin ya tsaya mini a rai. Ba ni da abin da zan ce masa, kuma ba a yarda in ce ba. Ranar da na kai Khaulat rigakafi na ratsa, na ajiye gwangwanin a kan kantarsa, na wuce. Na so dai ya samu abin da zai riƙa ba wa ruwa."

"Shi kuma Yaya me kika ce masa game da fulawar?"

"Na ce zafi ya kashe ta." Hawaye ya zubo mata. "Ya san ta kamar yunwar cikinsa. Shi ya shafa wa gwangwanin fenti, da ragowar fentin motarsa. Yana ganin ta zai gane. Kuma kin san shi, ba zai tsaya tambayar malamai ko ajiye gwangwani magana ce ba. Da bakinsa zai ƙarasa."

Ta kama gefen hijabina. Ba ta roƙe ni komai ba, riƙewa kawai ta yi.

Masu karatu, ku da kuke cewa in faɗi gaskiya in huta, ga gaskiyar a hannuna, ku nuna mini inda zan ajiye ta. In na kawo Madam Tabita, Garzali ya wanku daga sunan boka, amma kafin ta rufe baki auren Anti ya mutu, mutuwar da ba kome. In na yi shiru, mutumin da bai taɓa zuwa wajen boka ba zai ɗauki sunan har kabarinsa, ni kuma in rasa shi. Akwai wata tambayar ma da na kasa taɓawa. Shin abin da Anti ta yi magana ce a wajen Allah? Ni ba malama ba ce. Kuma duk malamin da zan tambaya a garin nan ya san Yaya.

A cikin adaidaita na rubuta wa Garzali.

"Na san sunanta. Na san wadda ta ba ka."

Wannan karon bai ɗauki lokaci ba.

"Don girman Allah kada ki faɗa wa kowa."

"Za a ce kai boka ne."

"Su ce."

"Za a mayar maka da kayanka."

Na zuba wa wayar ido. Mun haye gada, kogi ya cika ya yi ja saboda damina, masu kifi suna ɗaga wa motoci hannu. Sai saƙon ya shigo.

"Da yarinya a bayanta, Mas'uda."

Na rubuta, "Me ya sa ka ba ni ita?" Na goge. Na sake rubutawa, na tura.

"Ita ce abin da na fi ƙauna a shagon. Na so in ba ki mafi kyau. Ban yi tunani ba."

Na karanta har sai da allon wayar ya mutu. Wataƙila haka ne. Wataƙila kuma ya san duk ranar da Anti ta zo gaishe da Umma sai ta wuce ta gaban tagata. Ban san wanne ba ne, kuma ina jin shi ma bai sani ba. Abin da na sani, an ba shi zaɓi tsakanin ni da rufin asirinta, bai ko yi jinkiri ba. Kuma abin haushin, da ya zaɓe ni, da na raina shi.

Ranar Juma'a, ranar kasuwa, gari ya cika da kukan shanu da ƙarar manyan motoci. Gwaggo ta yi wanka tun da hantsi, ta sa leshinta mai ruwan goro kamar za ta suna. Ta ɗora tukunyar dambu a murhu, ta share tsakar gida, ta shimfiɗa wa Yaya babbar darduma. Umma ta fito ta jingina da bango. Bayan an sauko daga masallaci ya kira ya ce ga shi nan, ya tsaya sayen lemo ne.

Na shiga sito. Na ɗaga kwandon. Kwanakin da ta yi a duhu sun sa ta yi laushi, amma duk da haka ganyen sun karkata wajen 'yar ƙofar da ke jikin saƙar kwandon. Na ɗauke ta na fito tsakar gida.

"Ina za ki da ita?" in ji Gwaggo. "Ajiye, yayanki bai gani ba."

"Ba sai ya gani ba, Gwaggo."

Na durƙusa gaban murhu, na janye tukunyar. Na kama gindin fulawar na fizge ta da saiwarta, na cusa cikin wuta. Na zazzage ƙasar a kan garwashi, na tura gwangwanin can ciki na danna da itace. Fentin ya fara tafasa yana wari, koren ya koma baƙi. Ɗanyen ganye ba ya ci da sauri. Ya yi ta tsuwa yana naɗewa, hayaƙi na shiga idona, na gode wa hayaƙin.

"Mas'uda," Umma ta ce a hankali, "kin gano wani abu ne?"

Na ce, "Umma, ba na so ta ƙara kwana a gidan nan."

Ban yi ƙarya ba. Na zaɓi kalmomin sarai don kada in yi ƙarya, kuma na san yadda za a ji su. Gwaggo ta ɗaga hannu sama.

"Alhamdulillahi! Asiri ya karye, yarinya ta dawo hayyacinta. Da hannunta ta ƙona! Bari in leƙa in gaya wa Rabi."

Rabi maƙwabciyarmu ce, kuma abin da Rabi ta ji da azahar, kafin la'asar an ji shi a bakin titi. Gwaggo ta zura takalmi ta nufi waje.

A ƙofa suka yi kiciɓis da Yaya. Ya yi sallama ya shigo da ledar lemo, farar shaddarsa ta Juma'a da hula zanna, idonsa jawur don rashin barci. Ya durƙusa ya gaishe da Umma, ya tambayi jiki. Gwaggo ta dawo tana zayyana masa komai, ta nuna murhu. Ya leƙa, ba abin da ya rage sai baƙin gwangwani da toka.

"To ai magana ta ƙare," ya ce. "Tunda ita da kanta ta gani. Gobe in sha Allah a kai masa kayansa."

Na sunkuyar da kai. Ya juya zai hau darduma, ya cire takalmi ɗaya, sai ya tsaya. A tsakanin ƙofar sito da murhu, a kan sharar da Gwaggo ta yi tas, ganye ɗaya ya faɗi lokacin da na fizge ta. Kore shar, ko ƙura bai ɗauka ba.

Ya sunkuya ya ɗauka. Ya kalli fuskarsa. Sannan ya kifa shi a tafin hannu, ya bi karan da babban yatsa har inda ya shige. Ya waiwaya ya sake kallon gwangwanin da ke cikin wuta, ya daɗe.

"Mas'uda."

"Na'am, Yaya."

"Zo nan. Wa kika ce ya kawo miki wannan?"